Keken ɗinkin Innata ya cije: in gyara, ko in yarda a musanya mini?

Maman Biyu, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san keken ɗinki irin na da.

Innata, Allah ya jiƙanta, ta bar mini kekenta Singer, baƙi mai zanen ruwan zinariya, na ƙafa, da teburinsa. Cikin kayan aurenta ya zo, kuma da shi ta ɗinka mana kayan sallah tun muna ƙanana har muka yi aure. Har yau ina jin ƙararsa a kunnena: daren jajibiri, fitilar ƙwai a gefe, ita tana takawa, mu muna gyangyaɗi a tabarma muna jiran a kira mu gwaji. Tun rasuwarta shekara shida ke nan yana kusurwar ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon zane. Shekarun farko ko kallonsa ba na iya yi.

Yanzu Satumba ta matso, yara za su koma makaranta, kuɗin ɗinkin kayan makaranta kuwa sai wanda ya biya ya sani. Na koyi ɗinki a hannun Inna, na ce bari in buɗe shi. Na tarar tayar hannu ta cije, sai na sa ƙarfi take motsawa. A bakin ramukan mai akwai wani abu mai kama da ƙaro, ja-ja, yana kama yatsa. Ƙanwata ta ce lokacin da Inna ta kwanta ciwo ita ta riƙa ɗiga masa man gyaɗa don kada ya yi tsatsa. Maƙwabciyata mai keken Butterfly ta sa mini sabuwar allura ta zura zare, amma in ya kama ɗinki ɗaya sai ya tsallake uku, zare kuma ya cukurkuɗe a ƙasan yadi.

Na kira wani mai gyara. Sau biyu ya juya tayar, ya ce keken ya mutu, kayansa ma an daina yi. Wai in ba shi, in cika kuɗi, ya kawo mini sabo fil a kwali. Zuciyata ba ta kwanta ba. Idan ya mutu, me zai yi da shi? Don Allah ku faɗa mini gaskiya, akwai sauran rai a keken nan?

Tsohon Tela, Marwa

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta.

Ɗiyata, kada ki ba shi. Keken da tayarsa ke motsawa, ko da ƙyar ne, bai mutu ba. Irin wannan ƙarfe ne zalla tun daga kai har ƙafa, babu roba a cikinsa da za ta fashe. Na yi shekara arba'in da ɗoriya ina taka irinsa a rumfa, abin da ya fi kashe mana kekuna ba tsufa ba ne, man da bai dace ba ne. Man gyaɗa da manja na miya ne. In suka kwana a jikin ƙarfe sai su bushe su koma danƙo, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai, su haɗu su zama kamar kwalta. Baƙin man mota shi ma ya yi kauri, ga ɓata yadi. Ƙanwarki alheri ta nufa, kada ki ga laifinta, wataƙila ma shi ya sa ba ki tarar da tsatsa ba.

Ki nemo kananzir rabin kwalba, da tsumma mai tsabta, da tsohon buroshin haƙori. Ki cire allura da zare, ki sauke bel. Kowane rami na mai da ke saman keken ki ɗiga masa kananzir. Ki kwance farantin fuska, wanda ke gefen hagu, ki ɗiga wa sandar allura da duk gaɓar da ke motsi a ciki. Sannan ki kwantar da kan keken ta baya, ki ga cikinsa, duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe ki jiƙa shi. Ki fitar da shi tsakar gida ya ɗan sha ɗumi, zafi na narkar da danƙon, amma ba ranar tsaka ta Garwa ba, ta hantsi ta isa. Ki bar shi ya kwana. Da safe ki riƙa juya tayar a hankali, ki ƙara kananzir, ki goge baƙin ruwan da ke fitowa. Wani keken kwana ɗaya, wani sai uku. Kada ki sa guduma, kada ki sa ƙarfin namiji.

In ya saki, ki sani kananzir wanki ne, ba mai ba ne. Zai bushe ya bar ƙarfe tsirara. Sai ki sa man keken ɗinki, farin nan mai kama da ruwa, ɗigo ɗaya a kowane wuri. Ɗaya na ce. Ki taka shi babu zare na ɗan lokaci, ki ɗinka tsumma har ya daina fitar da tabo kafin ki kusanci farin yadi.

Batun tsallake kuma, ina zargin allura ce aka sa a juye. Allurar gida gindinta gefe ɗaya a shafe yake, ɗaya gefen kuma akwai doguwar kwari da zare ke kwanciya a ciki. Ta gefen kwarin nan ake zura zare, ko da wane keke ne. Butterfly da tsofaffin Singer da aka kwaikwaya aka yi shi, shafaffen gefe yana kallon dama, zare ya shiga daga hagu. Amma akwai Singer mai lamba 15 da aka fara yi daga baya, mai ɗinkin komawa baya, wanda nasa akasin haka ne: shafaffen gefe hagu, zare daga dama. Ki duba ƙoshiyarki, wato gidan da kwarkwaron zaren ƙasa ke zama. In ƙahonta ya karkata dama, kamar ƙarfe ɗaya a agogo, irin na maƙwabciyarki ne. In ya karkata hagu, kamar ƙarfe goma sha ɗaya, to ta sa miki allura irin ta kekenta, ba irin ta naki ba.

'Yar Kusseri

Baba ya gama magana, sai dai in ɗan ƙara. Yaya, wai an daina yin kayansa, wannan ba haka ba ne. Allura dai ita ce wadda ake sayarwa ko'ina, mai lamba 14 don atamfa, 16 don kaki da yadi mai kauri. Kwarkwaro iri ɗaya ne da na Butterfly. Bel da ƙaramar robar naɗin zare ma akwai. Ni in na rasa a nan sai in tsallaka gada in samo a Njamena. Ƙoshiya ce kawai sai kin tafi da taki a hannu an gwada, saboda ƙahon nan da Baba ya faɗa. Na taɓa saya wa goggona wadda ba tata ba, ta ƙi zama sam.

Amma kada a raina Butterfly, don Allah. Da shi nake ci da yarana, duk atamfar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, da matan unguwarmu ke sawa a kansa nake ɗinka ta. Abin da zan ce shi ne, na Inna ba abin musanya ba ne.

Cukurkuɗewar zare a ƙasa kuwa, mutane sai su hau ƙoshiya da sukundireba, alhali yawanci laifin zaren sama ne. Ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi kafin ki zura zare, don faifan nan biyu masu matse shi su buɗe ya shige tsakaninsu. Ki bi tsakanin faifan da gefen tsumma, man gyaɗan zai iya kaiwa can. In za ki fara ɗinki ki riƙe bakin zare biyun ta baya, kuma taya kullum wajenki take juyowa. Jikin keken kada ki wanke shi da omo ko wani abu mai ƙarfi, zanen zai goge. Man keken kawai a auduga, a hankali.

Ɗan Lambu, Ngaundere

Anti, ki duba gaban keken ta dama, a kan faranti, akwai lamba da aka buga a ƙarfe. In ta fara da harafin Y, ko haruffa biyu da na farkon E ne, to a masana'antar Singer ta Clydebank da ke Sikotilan aka ƙera shi. Masu Y sun fi tsufa, daga 1935 ne aka shiga na E. An rufe masana'antar a 1980. Da lambar ana iya gano shekarar a intanet. Na kakata haka na yi.

Maman Biyu, Garwa

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana huɗu ne saboda ina kan aikin.

Baba, kamar kana ɗakin. Kwana biyu yana shan kananzir, baƙin ruwa na ɗiga a kan kwalin da na shimfiɗa. Ran na uku da hantsi na taɓa tayar da yatsa ɗaya, sai ta tafi da kanta har zagaye biyu. Na zauna a ƙasa na yi kuka, don ƙarar nan ce dai, ba ta canza ba.

Da na kwance farantin allura, tsakanin haƙoran da ke jan yadi na tarar da auduga ta dunƙule ta yi tauri kamar tabarmar kwali, da tsinke na riƙa ɓanɓaro ta. A mazaunin ƙoshiya kuma na ciro guntun bakin allura da ya karye, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ƙahon ƙoshiyar hagu yake kallo. Na juya allura, na zura zare daga dama, sai ga zaren ƙasa ya fito tun a juyin farko. Na ɗinka ƙyalle ninki huɗu, sama da ƙasa ɗinkin ya kwanta lumui, ko ɗaya bai tsallake ba. Lambar kuma da E ta fara, ɗana zai duba mini shekarar.

A cikin aljihun teburin, can ƙurya, na sami ma'aunin Inna da ɗan allinta na tela, ya rage kamar ƙwayar dabino. Na mayar da su inda suke.

Mai gyaran ya aiko yaro jiya yana tambaya. Na ce a gaishe shi, keke ba na sayarwa ba ne.

Abu ɗaya ya rage. Bel ɗin ya saki, in na taka da sauri sai ya riƙa sulɓewa, ƙafa na tafiya allura na tsaye. In sayi sabo ne?

Tsohon Tela, Marwa

Alhamdu lillahi. In fatar ba ta tsattsage ba, ba sai kin saya ba. Ki nemo inda aka haɗa bakin biyu da 'yar waya, ki buɗe wayar, ki yanke kamar faɗin ɗan yatsa, ki huda sabon rami da ƙusa, ki mayar ki matse. Kaɗan-kaɗan za ki rage, don in kin yanke da yawa ba ya komawa, kuma in ya ɗame sosai ƙafarki ce za ta gaji. Ki goge kwarin tayar, kada mai ya taɓa bel. In kin tashi aiki ki sa ƙyalle a ƙarƙashin ƙafar danne yadi, ki sauke allura a ciki, ki rufe shi da zanen nan. Kakin yaran kuma ki sa lamba 16.