Na yi wa mai neman alƙalanci alkawarin ƙuri'a, yanzu an ce lauyoyi ba su amince da ita ba

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa na Shikago da kewaye. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Bara na zama 'yar ƙasar Amurka, zaɓen fid da gwani na watan Maris ɗin nan shi ne na farko a wurina. Ni na ɗauka 'yan majalisa ne kawai, sai na ga samfurin takardar ƙuri'a cike da masu neman alƙalanci. Mu a gida yaushe aka taɓa tambayar talaka wa zai zama alƙali?

A yankinmu mutum biyu ke neman kujera ɗaya. Namijin ya daɗe yana aikin mai gabatar da ƙara, maganarsa kullum tsaron unguwa da haƙƙin wanda aka cuta. Macen lauya ce mai kare marasa hali. Ta zo masallacinmu ranar walimar saukar yara, ta cire takalmi ba sai an ce mata ba, ta yafa mayafi, ta zauna a ƙasa ta ci waina tare da mu. Wadda ta kawo ta maƙwabciyata ce, kuma wallahi matar nan ta yi min abin da 'yar uwa ta jini ba ta yi ba. Lokacin da nake aikin dare ita ke kwana da 'yan biyu, ko sisi ba ta taɓa karɓa ba, ranar da na yanke jiki a bakin lif ita ta kira motar asibiti, har kayan sallar yara ta taɓa ɗinka musu. A gabanta na ce wa 'yar takarar ƙuri'ata tata ce, na karɓi allon kamfe na manna a taga.

Jiya 'yata ta nuna min a waya cewa wasu ƙungiyoyin lauyoyi sun rubuta ba su ba da shawarar a zaɓe ta ba. Kuma akwai abin da ya samu ƙanena a wata jiha, ba na son shiga ciki, amma tun daga nan ba na ƙaunar jin an ce mai gabatar da ƙara. Yaya zan yi?

Alhaji Mai Tasi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tun wasu a zauren nan suna goye nake jefa ƙuri'a a gundumar Cook da Shikago ke ciki, bari in faɗa miki yadda abin yake. Zaɓen Maris shi ne zaɓen. Wanda ya ci a jam'iyyar Dimokurat yawanci ba shi da abokin karawa a Nuwamba, ya hau kenan shekara 6. Bayan nan ba ya sake takara da kowa, tambaya kawai ake yi, a bar shi ko a cire shi, kuma kashi 60 cikin ɗari yake nema. Daga 1990 sai da aka kai 2018 kafin a sake kayar da alƙali ɗaya ta wannan hanya. To ki auna.

Cin waina kuma ba cancanta ba ce. Duk suna zuwa masallaci da coci lokacin zaɓe. Garin nan ne aka yi binciken Greylord a shekarun 1980, FBI ta kama alƙalai da cin hanci, fiye da goma aka samu da laifi. Garin nan ne wani lauya ya canza sunansa zuwa irin na 'yan Ayalan saboda sunan yana jawo ƙuri'a, kuma ya ci a 2018. Ki zaɓi namijin. Sau biyu ana fasa min gilashin mota, yaron da aka kama na sake ganinsa a tashar jirgin ƙasa kafin in gama biyan mai gyara. Tunda aka soke belin kuɗi a Satumbar 2023 sai abin da Allah ya yi.

Ɗalibar Lauya:
Baba Alhaji, da girmamawa, soke belin kuɗi majalisar jihar Illinois ce ta yi, ba alƙalin da Anti za ta zaɓa ba. Kuma ba a hana tsare mutum ba, mai gabatar da ƙara ne zai nema, alƙali ya saurara ya yanke.

Anti, kafin komai ki duba dalilin da suka bayar. Rashin amincewar iri biyu ce. Wani an tantance shi an ga bai goge ba ko yana da zafin rai. Wani kuma ƙin zuwa tantancewar ya yi, su kuma duk wanda ya ƙi zuwa haka suke rubuta masa. Tsarin mulkin Illinois bai sa adadin shekarun aiki ba, ya zama ɗan ƙasa, mai lasisin lauya, mazaunin yankin, shi ke nan. A Najeriya kuwa sai lauya ya shekara 10 kafin ya hau babbar kotu. Giɓin nan ne ƙungiyoyi irin su Chicago Bar Association da Chicago Council of Lawyers ke ƙoƙarin cikewa, suna tambayar lauyoyin da suka kara da mutum a kotu. Kafar labarai ta Injustice Watch kuma tana tara bayanan wuri ɗaya. Wani abu: sabon alƙali galibi a kotun laifukan tuƙi yake farawa, babban alƙali ke rarraba su. Mai yiwuwa ra'ayinsu a kan manyan laifuka ba zai yi aiki ba sai an jima.

Maman Biyu:
Na gode 'yata. 'Yar tawa ta ce sun rubuta ba ta cika gogewa a manyan shari'u ba. To in ba a ba ta ba a ina za ta goge? Su ƙungiyoyin ai manyan lauyoyi ne, nasu suke so. Ni na kalli idon matar nan, tana da tausayi.

Alhaji Mai Tasi:
Tausayi? Hajiya ki bari sai an shiga gidanki.

Matar Ɗan Zango:
Ni dai tambayata, cikin biyun wa zai taimaka a maganar takardun zama a Amurka? Maigidana tun kafin korona ake ɗaga masa rana, lauya ya cinye mana kuɗin da muka tara na gini a Kumasi, in ka kira sai sakatariya. Wallahi na gaji, yaranmu har sun daina tambaya.

Ɗalibar Lauya:
Ayya Anti, Allah ya kawo mafita. Amma alƙalan shige da fice ma'aikatan ma'aikatar shari'a ta tarayya ne, naɗa su ake yi, ba sa cikin takardar nan sam.

Malamin Islamiyya:
Hajiya, alƙalanci ba abin wasa ba ne. Hadisi ya raba alƙalai uku, biyu a wuta, ɗaya a aljanna, kuma cikin na wutar har da wanda ya yi hukunci da jahilci. Ilimi sharaɗi ne kenan, kirki kaɗai bai isa ba. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne mutum ya riƙa bin ƙofa-ƙofa yana roƙon a ba shi alƙalanci. Ban taɓa cike wannan ɓangaren ba, tsallakewa nake yi.

Alhaji Mai Tasi:
Malam, Allah ya gafarta, irin tsallakewar nan ce ta sa 'yan jam'iyya ke ɗora wanda suka ga dama. Kai ka tsallake, su ba sa tsallakewa. Kuma ɗiyata mai karatun lauya, littafi daban titi daban. Ni nake kwana a titi. A Nuwamba sunayen da za a ce a bari ko a cire sun haura 50, ni A'A nake danna wa kowa daga sama har ƙasa. Kowa ya yi haka.

Nas Mai Aikin Dare:
Haba Alhaji, har da na kirkin? Alƙaliyar da ta yi shari'ar riƙon yarana ta saurare ni da gurguwar Turancina, ta sa aka kawo tafinta, ba ta bari lauyan tsohon mijina ya taka ni ba. Danginsa ne ma har yau ba sa gaishe ni a taron suna. Maman Biyu, me matar ta ce za ta yi in ta hau? Kin tambaye ta?

Maman Biyu:
An tambaye ta maganar korar 'yan haya, ta ce ba za ta iya faɗin yadda za ta yanke ba. Ta ce dai kowa zai fita kotunta yana jin an saurare shi.

Alhaji Mai Tasi:
Kun ji ko. Zamiya.

Ɗalibar Lauya:
Ba zamiya ba ce Baba. Tun hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2002 ɗan takarar alƙalanci na iya faɗin ra'ayinsa, amma ƙa'idar aikin ta hana shi alkawarin yadda zai yanke shari'ar da ka iya zuwa gabansa. Da ta yi muku alkawari, da shi ne abin tsoro. Sai dai Anti, rashin gogewar ma ba ƙaramin abu ba ne. Alƙali mai tausayi da bai san ƙa'idar shaida ba, talaka ne ke shan wahalar kuskurensa, don shi ba shi da kuɗin ɗaukaka ƙara.

Nas Mai Aikin Dare:
Ƙuri'a fa sirri ce. Ki bar allon a taga, ki shiga ki zaɓi wanda ranki ya kwanta da shi. Maƙwabciya ba za ta sani ba.

Maman Biyu:
Ita ba za ta sani ba, Allah fa? Kuma ku duk ba ku san abin da aka yi wa ƙanena ba. Da kun sani ba za ku ce in zaɓi mutumin nan ba.

Malamin Islamiyya:
To Hajiya ai ba shi ya yi masa ba, kin ce a wata jiha ne.

Maman Biyu:
Duk kanwar ja ce Malam. Zan dai sa yarinyar ta sake karanta min abin da suka rubuta, na ga kamar ƙungiya ɗaya ta ce ta cancanta.

Alhaji Mai Tasi:
Ɗaya cikin nawa? Ki turo hoton nan mu gani.

Matar Ɗan Zango:
Don Allah wanda ya san lauyan takardu mai tsoron Allah ya yi min magana ta gefe.