Rubutun umarni na shiga yana aiki a NT, amma yana gardama a Windows 98

Mai_Kula_Da_Sabar:
Assalamu alaikum. Ina kula da wasu tsofaffin kwamfutoci da ba mu iya rabuwa da su ba saboda wata manhajar lissafi da ba ta tashi sai a kansu. Sabobinmu biyu ne, dukansu Windows NT 4.0, babbar mai riƙe da domen (wato rukunin asusun ma'aikata da kwamfutocinmu) da kuma mataimakiyarta. Na rubuta fayil mai suna shiga.bat, rubutun umarnin da ke gudana duk lokacin da mutum ya shiga, wanda ya kamata ya haɗa wa kowane ma'aikaci faifan S: na kowa da kowa, da faifan H: nasa na kansa, ta wannan layi: net use H: \\SABAR1\%USERNAME%. A kwamfutocin NT komai lafiya lau. A na Windows 98 kuwa, H: bai taɓa fitowa ba ko sau ɗaya, shi kuma S: yau ya fito, gobe ya ɓace, ba tare da na taɓa komai ba. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan aiki.

Injiniya_Dattijo:
Wa alaikumus salam. Matsalar H: ba ta da wuyar ganewa. Windows 95 da 98 ba su san %USERNAME% ba, NT ce kaɗai ke cika shi da sunan mai shiga, saboda haka a 98 gurbin yakan zama fanko, umarnin ya koma net use H: \\SABAR1\ kawai, wanda ba ya nuna ko'ina. Ka rubuta hanyar jakar kowane mutum a bayanan asusunsa cikin User Manager for Domains, manhajar kula da asusu ta NT, sannan ka yi amfani da net use H: /home. Sai dai ka lura, 98 ba ta iya haɗa harafi da jakar da ke can cikin wata jakar da aka raba, a bakin rabon take tsayawa, don haka gara a raba jakar kowa daban. Idan kana son fayil ɗaya ya yi wa tsarin biyu aiki, ka fara da if "%OS%"=="Windows_NT" goto NT, domin a 98 wannan ma fanko ne, sai ta zarce zuwa nata layukan.

Hajiya_Netwok:
Abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma bai taɓo batun S: ba, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci. Duk lokacin da rubutun shiga ya yi aiki yau ya ƙi gobe, sabar ta biyu nake fara tuhuma. Kwamfuta tana ɗauko fayil ɗin ne daga NETLOGON, wato jakar rubutun shiga da aka raba, na sabar da ta tantance ta a wannan karon, ba lallai babbar ba. Ka duba \WINNT\System32\Repl\Import\Scripts a kan mataimakiyar, ina kyautata zaton ba za ka tarar da shiga.bat a can ba, kuma idan babu shi, ba wani gargaɗi da ke fitowa, shiga kawai ake yi shiru. Kada lafiyar kwamfutocin NT ta ruɗe ka, Malam: su suna tuna haɗin da aka taɓa yi suna maido da shi da kansu, ko rubutun ya gudana ko bai gudana ba. Ka sa pause a ƙarshen fayil ɗin na ɗan lokaci. Idan baƙar tagar da rubutun ke gudana a ciki ta tsaya, za ka karanta kuskuren da idonka, idan kuma ba ta bayyana ba sam, to ba a ma samo fayil ɗin ba.

Mai_Kula_Da_Sabar:
Na gode ƙwarai, Hajiya da Injiniya. Jakar Scripts ta mataimakiyar wayam na same ta, domin ashe ba a taɓa kunna Directory Replicator, mai kwafar fayiloli tsakanin sabobi, ba tun da aka kafa sabar. Na kwafa fayil ɗin da hannu, na gwada shiga sau goma a kwamfutoci uku, S: da H: duk sun fito. Yanzu ina so in ƙara faifai na uku da harafin Z:, ko akwai abin da zai hana?

Hajiya_Netwok:
Ka zaɓi wani harafin. Windows 98 tana aron Z: ta haɗa shi da NETLOGON muddin rubutun yana gudana, saboda haka naka umarnin zai ci karo da shi. Kuma ka kunna Directory Replicator ɗin, in ba haka ba, ranar da ka gyara fayil ɗin a babbar sabar ka manta da ɗayar, sabobin biyu za su riƙa raba wa ma'aikata umarni iri biyu.