Wace ƙaramar jaka zan ɗaura a firam ɗin keke don hanyar burji?

Abu Safiyya, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan.

Wata huɗu ke nan da na sayi keken gwanjo irin na hanyar burji, mai lanƙwasasshen kai kamar na tsere amma tayarsa da kauri, 700x40. Firam ɗin alminiyam ne, lamba 52, don ni ba dogo ba ne. Duk Asabar bayan sallar asuba nakan bi titin Zariya, in na wuce Kura sai in sauka daga kwalta in shiga hanyoyin bakin kanal na wajen Kadawa, in juyo kafin rana ta take.

Matsalata wurin ajiye kaya. Da farko jakar goyo nake ɗauka, amma kafin in kai Tamburawa bayana ya jiƙe sharkaf, kafaɗa kuma ta riƙe. Na koma cusa komai a aljihun bayan riga. Makon jiya a wata gargada wayata ta yi tsalle ta faɗi, gilashinta ya tsage tun daga sama har ƙasa. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, domin ban daɗe da sayenta ba.

Abin da nake ɗauka bai taka kara ya karya ba: waya, tib ɗaya, faci da sholisho, ƙarfen cire taya biyu, alanki, makullin gida, 'yan kuɗi da dabino. Famfo yana da mariƙinsa a gefen gora. Gora biyu nake sawa, kuma ba zan iya rage ko ɗaya ba, kun dai san zafin Kano.

Na ga jaka iri biyu a intanet. Akwai wadda ke zama a kan bututun sama, daf da wuyan keke, akwai kuma mai kusurwa uku da ke rataye a ƙarƙashinsa. Na ga wata ma mai murfin leda da ake ganin waya ta ciki, ita ce ta fi jan hankalina. Wacce ta fi dacewa da ni?

Ɗan Tudun Wada, Jos

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri a kan wayar.

Kafin ka kashe ko sisi, je ka duba saman bututun nan, kamar taƙi guda daga wuyan keken. Kekunan burji da yawa suna zuwa da ramin ƙusa biyu a wurin, wani lokaci an toshe su da 'yar roba baƙa shi ya sa mutum ba ya lura. Tazararsu milimita 64 ce, daidai da ta mariƙin gora, ƙusar ma iri ɗaya ce, mai lamba M5. In kana da su, to ka huta. Nemi jakar da ake ɗaurewa da ƙusa. Ba ta karkata, ba ta zamewa, ba ta cin fenti.

Ni na fara da mai maɗauri. A gangaren Shere, wurin da duwatsu suka yi yawa, sai ta riƙa kwantawa gefen hagu, ina tuƙi ina miƙar da ita da hannu ɗaya. A irin wannan gangare kuwa hannu biyu ma da ƙyar suke isa. Tun ranar na rabu da ita.

Abu na biyu shi ne gwiwa, kuma shi mutane suka fi mantawa. In kana zaune a sirdi ba za ka ji komai ba. Sai ka miƙe tsaye kana taka feda a hawa, gwiwarka ta matso gaba, sannan za ka ji tana gogar jakar a kowane zagaye. Firam 52 gajere ne, saboda haka kai abin zai fi shafa. Ga gwajin da ba ya cin kuɗi: samu kwali ka naɗe shi ya yi faɗin santimita 5, tsawon kamar 20, ka liƙa shi da salatif a inda jakar za ta zauna, ka hau ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi. In bai taɓa ka ba, ka san iyakar faɗin da za ka saya. In ya taɓa, rage shi ka sake gwadawa.

Mai kusurwa uku kam ban ba ka shawara ba. A ƙaramin firam za ta sauko kan bakin gorarka, sai ka rasa yadda za ka zaro ta. Akwai mariƙin gora da ake zarewa ta gefe, yana taimakawa, amma duk da haka doguwar gora ba lalle ta shiga ba. Kayan da ka lissafa ma ba su kai a nemo musu babbar jaka ba. Raba su biyu: tib da kayan faci su tafi 'yar jakar ƙarƙashin sirdi, tunda sai taya ta sace kake nemansu. Waya da dabino da kuɗi su zauna a gabanka. Lita 1 ta ishe ka.

Yakubu, Leeds

Duk abin da Yayana na Jos ya faɗa haka yake. Zan ƙara a kan masu ƙerawa, tunda a nan Ingila suna gabanmu a shaguna.

Restrap a garin nan da nake zaune suke ɗinka nasu. Apidura su ma 'yan Ingila ne, Ortlieb na Jamus, Topeak na Taiwan, Rockbros kuma na Sin, su suka fi araha. Abin lura shi ne bambancin jakar da yadinta kawai ke tare ruwa da wadda aka narke haɗinta da zafi a maimakon ɗinki. Ta farkon tana jure yayyafi, amma in aka tsuge da ruwa zai bi ramin allura ya shiga. Ta biyun ita ce sana'ar Ortlieb. A nan da ruwa ba shi da lokaci, na ga amfanin biyan kuɗinta. Kai da damina wata huɗu ce kawai, anya kuwa? Ledar burodi mai tsabta za ta kare maka waya.

Tawa murfin maganaɗisu gare ta, da hannu ɗaya nake buɗewa in ɗauki abu, in sake shi ya koma ya rufe da kansa. Aibinta ɗaya: in ka cika ta fam, murfin ba ya kamawa sosai.

Baba Mai Faci, Kano

Yaro na, shekara talatin da wani abu ina gyaran keke, bari in faɗa maka abin da ke zuwa rumfata.

Ku bar zancen ruwa. A ƙasar nan ƙura ce ke kashe jaka. Jan ƙasar burji in ta shiga haƙoran zif, sai ta riƙa cin kan zif ɗin a hankali, wata rana ka ja shi ya wuce amma bayansa a buɗe. Lokacin hunturu abin ya fi muni. Maganinsa tsohon buroshin haƙori: ka kakkaɓe zif duk ranar da ka dawo, ka goga masa kyandir kaɗan. Kada ka sa masa mai ko giris, ƙura za su ƙara kira. In za ka zaɓa, ɗauki zif mai manyan haƙora, ka duba ko an rubuta YKK, sunan kamfanin da ke yin zif, a kan abin ja.

Sannan in kekenka ba shi da ramin ƙusar da ɗan Jos ya ce, dole ka sa mai maɗauri, to ka yi hattara. Ƙura tana shiga ƙarƙashin maɗaurin, keke yana girgiza, shi ke nan ya zama sanfefa. An kawo mini wani keke mai tsada, na kwance jakar, na tarar da zobe biyu farare tas a jikin bututun, fenti ya tafi har ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Mai shi kamar ya yi kuka. Naka alminiyam ne, muni kawai zai yi. Da kabon ne, irin firam ɗin nan marar nauyi da ba na ƙarfe ba, cin zai iya shiga jikin firam ɗin kansa. Kafin ka ɗaura, wanke wurin, ka naɗa salatif ɗin masu gyaran wuta zagaye biyu. Duk wata ka kwance ka share.

Kuma ban yarda sai an aiko daga waje ba. Masu ɗinkin jaka suna nan a Ƙofar Wambai. Kai musu kwalin nan da ka gwada, a yanka maka tampol mai kyau, a sa roba mai ɗan tauri a gefe biyu don kada ta kumbura ta taɓa gwiwa, a sa soso siriri a ƙasa. Na ga waɗanda aka yi haka sun shekara biyu suna aiki.

Tib ɗinka kuma saka shi cikin tsohuwar safa. In ya zauna tsirara kusa da alanki, gogayya za ta huda shi, ranar da tsidau ya soke ka a bayan Kura ka ciro shi ka tarar shi ma yana bukatar faci. Sholisho da aka taɓa buɗewa yana bushewa cikin kwalbarsa, riƙa matsa shi kana dubawa kafin ka fita.

Maman Iman, Abuja

Malam, don Allah ka cire ranka daga mai murfin leda. Na saya don in riƙa ganin taswira. Faɗinta ya yi yawa, tana bugun gwiwa, sannan wayar tana kwance tana kallon rana a cikin rufaffiyar leda. Rannan a hanyar madatsar Usuma allon ya dushe, wayar ta rubuto cewa sai ta huce kafin ta ci gaba da aiki, ni kuwa a lokacin nake neman hanyar komawa. Kamfanin Apple da kansa ya ce iyakar zafin da ya dace wayarsu ta yi aiki a ciki digiri 35 ne, ku kuwa a watan Afrilu kuna haura 40 a inuwa ma. Sa ta cikin jaka rufaffiya, allon yana kallon gefe, makulli kuma a wani aljihu daban don kada ya karce ta.

Abu Safiyya, Kano

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauka na duba da tocila, ashe ramukan suna nan, an toshe su da roba kamar yadda Malam na Jos ya ce. Wata huɗu ina kallonsu ina zaton ado ne.

Na yi gwajin kwali da yamman nan a layinmu. A santimita 5 gwiwar dama tana ɗan shafarsa in na miƙe, da na rage zuwa 4 da rabi sai ta daina. Wayar tana shiga in na tsayar da ita ta gefe. Hajiya, na haƙura da mai ledar.

Baba, zan bi shawararka in fara da ta gida. Tambaya ɗaya ta rage: in mai ɗinki zai huda ƙasan jakar don ƙusoshin, me za a sa a wurin don kada tampol ɗin ya yage? Zoben ƙarfen nan da ake sa wa ƙusa kawai ya isa, ko sai an shimfiɗa falankin roba a ciki? In ba damuwa, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kawo maka keken da kwalin ka gani da idonka.