"Garin neman gira an rasa ido", ta dace da mai neman tsaro kuwa?

Abban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya muka yi gardama da wani abokina kan yadda mutum ke jawo wa kansa abin da yake gudu, na ce masa ai garin neman gira ake rasa ido, shi kuma ya ce sam ba muhallinta ba ne. Misalin da na ba shi na bankin Silicon Valley ne a Amurka, a Maris 2023 labari ya bazu cewa bankin na tangal-tangal sai kowa ya ruga ya kwashe nasa don ya tsira, a rana ɗaya aka nemi cire dala biliyan 42, washegari hukuma ta rufe shi. Don Allah ina kuskurena?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Abokinka ya fi ka gaskiya ɗan'uwa. Gira ado ce, mai nemanta son ƙari ne ya ja shi alhali idonsa lafiya lau. Su kuwa masu ajiya tsoro ne ya koro su. Ni da "gudun gara an tadda zago" zan yi amfani.

Maman Zahra: Malam a yi min afuwa amma ita ma ba ta zauna daram ba. Zago ai yana nan tun kafin ka taho, kai ka je ka same shi. A nan kuwa gudun ne ya haifi zagon, eh bankin na da matsalarsa amma rububin ne ya ƙarasa shi. Haka Amurka ta girke makamai masu linzami a Turkiyya don kare kai, Tarayyar Sobiyet ita ma ta kai nata Kyuba a 1962 don kare kai, aka yi kwana 13 duniya na bakin yaƙin nukiliya. Wanne ne gara wanne ne zago a nan?

Ɗan Autan Inna: To ina kuka bar "rigakafi ya fi magani"? Ko so kuke mutum ya naɗe hannu sai abu ya same shi?

Maman Zahra: A'a ƙanina. Cuta ba ta ganin ka yi rigakafi ta tsorata ta je ta yi nata shirin. Mutum kuwa yana gani, kuma ɗauka zai yi shi ake wa. Wallahi abin na damuna har a zaman aure, miji ya dinga bincikar wayar matarsa don hankalinsa ya kwanta, ita kuma ta sa lambar sirri don ta samu sukuni, shi ya ga lambar zarginsa ya ƙaru, alhali da farko babu komai a wayar.

Malam Bala: Wannan na auren na yarda ta gira ta shige shi, don yardar da ke tsakaninsu ita ce idon, kuma lafiyarta lau kafin ya fara tono. Amma na banki ina nan kan bakana, wanda ya ga kuɗin albashin ma'aikatansa na shirin salwanta ba gira yake nema ba.