Me za mu kira cocktail da Hausa? Mu gwada da haɗin na'a-na'a da brandy

Jama'a, barkanmu da warhaka. Kalmar da nake so mu tsaya a kanta yau ita ce cocktail, kalmar Turanci ta abin sha mai bugarwa da ake haɗawa da wasu kaya. Duk mai fassara labari, ko takardar jerin abinci ta otal da ta jirgin sama, ko gargaɗin da ke jikin kwalin magani, ya san yadda take tare hanya. Abin da aka fi yi shi ne a rubuta "haɗin lemo" ko "abin sha na musamman" a wuce, kuma wannan ne yake damuna. Wanda ba ya shan giya, don imaninsa ne, ko don ciwon hanta, ko mace mai juna biyu, ko wanda zai tuƙa mota, in ya ga "haɗin lemo" ba abin da zai hana shi miƙa hannu. Saboda haka sharaɗina ɗaya ne: kalmar da za mu tsayar dole ta faɗi abin da ke cikin kofin.

Don kada mu yi ta magana a iska, mu ɗauki haɗi guda da ake yi a gida, mu bi shi daki-daki mu ga wace kalma ce za ta iya ɗaukarsa. Akwai wanda ake kira Stinger, wanda ya yi tashe a birnin New York a farkon ƙarni na 20, masu hali suna shansa bayan abincin dare. Kayansa biyu ne kacal. A ma'aunin ƙungiyar masu haɗa abin sha ta duniya, IBA, ana zuba mililita 50 na brandy irin na Cognac, wato barasa mai ƙarfi da ake yi da inabi, da mililita 20 na farar crème de menthe, wato barasa mai zaƙi da ɗanɗanon na'a-na'a, a kan ƙanƙara, a juya da dogon cokali har ya yi sanyi, a tace a ƙaramin kofin gilashi. Fara ake so, domin koriyar in ta gamu da jan launin brandy sai haɗin ya yi duhu marar kyan gani, alhali ɗanɗanonsu kusan ɗaya ne.

Wani ɗan'uwa ya kawo "jelar zakara", wato fassarar kalmar kai tsaye. Malam, na gane inda ka dosa, kuma ba kai kaɗai ka taɓa yin haka ba, a Brazil akwai wani haɗi da suke kira rabo de galo, ma'anarsa ke nan. Amma su haɗi guda suka raɗa wa sunan, ba dukkan jinsin ba. Bahaushe in ya ji "jelar zakara" ba abin da zai sa ya tuna da kofi. Masu bin asalin kalmomi da dama ma ba ga zakara suke kai ta ba, ga doki suke kai ta, irin wanda ake datse wa wutsiya ta miƙe sama, alamar cewa jininsa gauraye ne. Ka ga tun daga tushe maganar gauraya ake yi.

Sai "kwaktel", a are ta yadda take. Ba ni da faɗa da aro, harshenmu cike yake da shi, kuma ma'aikacin otal zai ci gaba da faɗin abin da baƙonsa ke faɗi ko mun so ko mun ƙi. Matsalar ita ce kalmar ba ta gaya wa sabon mai karatu komai. Ga shi kuma su masu ita sun ɗora mata kaya da yawa: gwangwanin yankakkun 'ya'yan itace cocktail ne, tarin magungunan da likita ke haɗa wa mai cutar ƙanjamau cocktail ne, kwalbar fetur da ake cinna wa wuta a jefa ma cocktail ce. Mu kowanne muna da yadda muke faɗinsa. In muka aro kalmar, da ruɗaninta za mu aro ta.

"Haɗin gambiza" kuwa ban karɓa ba ko kaɗan. Gambiza tarkace ne da ba su dace da juna ba. Wannan abu awo ne da shi. Ƙara mililita 10 na na'a-na'a a kan Stinger sai ya koma kamar man goge baki, rage shi sai zafin brandy ya rinjaye komai.

Abin da nake ba da shawara shi ne sirkin barasa, ko surkin barasa ga masu cewa surka. Ga dalilina. Bayani mafi daɗewa da aka sani a rubuce kan ma'anar cocktail ya fito ne ranar 13 ga Mayu 1806, a wata jarida ta garin Hudson da ke jihar New York, lokacin da wani mai karatu ya tambayi edita ma'anar kalmar. Amsar ta lissafa abu huɗu: barasa mai ƙarfi kowace iri, sukari, ruwa, da ɗigon wani tsimi mai ɗaci. Wato abu ne mai zafi da ake kawo wasu abubuwa a zuba masa don ya shawu. To, mene ne sirki in ba wannan ba? Idan ruwan wanka ya yi zafi aka ce a sirka, ba a nufin a zuba komai da komai, ana nufin a kawo na sanyi daidai gwargwado, ana taɓawa, har ya zo inda ake so. Akwai uwa a cikin kalmar, wato abin da ake sirkawa, akwai kuma awo. "Haɗi" ba ta da wannan, domin haɗin turare haɗi ne, haɗin magani haɗi ne, kuma ba ta nuna wane ne babba a cikin kayan. "Gauraye" da "cakuɗe" sun fi ta rashin tsari.

Na zaɓi barasa a kan giya da gangan. A kunnena giya ta haɗe duk abin da ke bugarwa, har da mai sauƙin ƙarfi da ake sha kwalba-kwalba. Barasa ta fi karkata ga mai ƙarfin, irin wadda ake aunawa da ɗan ƙaramin ma'auni. Wannan bambancin zai yi mana amfani nan gaba kaɗan.

Wata 'yar'uwa ta kawo ƙorafi mai nauyi, ta ce jin kalmar sirki zai sa mutum ya ɗauka an kashe ƙarfin abin. Malama, gaskiyarki, kuma shi ya sa ban yarda a taƙaita sunan a ce "sirki" kawai a rubuce ba, dole barasa ta biyo. Mu yi lissafin Stinger ɗin nan ki gani. Brandy na Cognac ba ya kasa kashi 40 cikin 100 na tsantsar sinadarin da ke bugarwa, don haka mililita 50 na ɗauke da mililita 20 na tsantsar. Crème de menthe yawanci kashi 20 da 'yan kai ce, a ce 24, ta ƙara kusan mililita 5. Jimilla kusan 25. Kwalbar giya mai mililita 330 da ƙarfin kashi 5 tana da 16 da rabi. Ke nan wannan ɗan kofin da bai cika hannu ba ya kai kwalba ɗaya da rabi. Ƙanƙarar da ta narke wajen juyawa tana rage kaifinsa a harshe, amma ba ta cire ko ɗigo ɗaya daga abin da zai shiga jini.

Na'a-na'a kuma tana da nata aikin a nan. Sinadarin mentol da ke cikinta yana taɓa wata kafa a jijiyoyin baki, wadda masana ke kira TRPM8, ita ce mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ji sanyi. A 2002 aka gano ta, a ɗakunan binciken David Julius da Ardem Patapoutian, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2021. Baki na jin sanyi da zaƙi, zafin barasar ya ɓuya a ƙarƙashi. A shekarun da Amurka ta haramta sayar da giya, 1920 zuwa 1933, wannan halin na na'a-na'a ya taimaka wajen rufe ɗanɗanon barasar bayan fage marar kyau. Abin da ke iya ɓoye kansa a harshe haka bai kamata mu ƙara ɓoye shi a suna ba.

Yanzu brandy. An kawo "barandi" da "burandi". Na farkon ya yi kusa da baranda da barandami, na biyun ba laifi ga mai son aro. Amma mu duba yadda ake yinsa. Ana matse inabi a bar ruwan ya tsima ya zama giya. Sai a ɗora wannan giyar a wuta. Sinadarin da ke bugarwa yana tafasa a wajen digiri 78, ruwa sai ya kai 100, don haka shi ke fara tashi. A tare tururin a bututu, a sanyaya shi ya koma ruwa, sai a sami abin da ya ninka na farko ƙarfi sau da yawa. 'Yan kasuwar Holan ne suka ba shi sunan brandewijn, ƙonanniyar giya, daga nan Turawan Ingila suka gutsuro nasu. A yankin Cognac da ke kudu maso yammacin Faransa sau biyu ake turara shi a tukunyar jan ƙarfe, sannan ya kwanta a gangar katako. Harufan da ke jikin kwalba shekarun kwanciyar suke nunawa: VS aƙalla 2, VSOP aƙalla 4, XO kuma 10 tun daga 2018. Daga katakon yake samun launinsa, da farko fari yake fitowa kamar ruwa.

Ga inda bambancin ɗazu ya biya mu. Wadda aka tsima kawai ita ce giyar inabi. Wadda aka turara ta yi ƙarfi ita ce barasar inabi. Kuma tsarin yana tafiya da kansa: Calvados na yankin Normandy daga tuffa ake yinsa, sai mu ce barasar tuffa, ba sai mun nemi sabuwar kalma ba. Ina roƙon masu fassara su guji "ruwan inabi" a nan, domin mai karatu ba zai san ko matsattsen inabi ne na yara ko mai bugarwa ba. Cognac da Armagnac, wanda shi ma barasar inabi ce ta Faransa, sunayen wurare ne da doka ta kare, a bar su yadda suke, haka ma Stinger.

Crème de menthe tarko ce. Wanda ya ga crème zai rubuta kirim ko madara, alhali babu ko ɗaya a ciki. A dokar Tarayyar Turai sunan yana nufin barasa mai sukari aƙalla giram 250 a kowace lita, kaurinta daga sukarin yake. Wani mai haɗa magunguna a garin Angers na Faransa, Émile Giffard, ya fitar da tasa shahararriyar a 1885. Mu ce barasar na'a-na'a mai zaƙi, fara ko koriya. Sunan ya ɗan yi tsawo, na sani, amma duk gajeren da na gwada sai ya jefar da kalmar barasa.

Akwai hanya ta biyu da ake yi a gida da ɗanyen ganye, irin wadda Jerry Thomas, wani mai haɗa abin sha a Amurka, ya rubuta a littafinsa na 1862, kuma ita ce ta fi gwada mana kalmomin aiki. Ganyen na'a-na'a 6 zuwa 8, ƙaramin cokali na sukari, ɗan ruwa, sai barasar inabi mililita 60 da dakakkiyar ƙanƙara cike da kofi. Abin da ake yi wa ganyen a gindin kofin na ga ana fassara shi da "daka". Kuskure ne mai ɓata abin. Man ƙamshin yana cikin 'yan ƙananan ƙwayoyi a fatar ganyen, dannawa kaɗan ke fasa su. In aka daka har ganyen ya yayyage, ɗacin ciyawa ne zai fito. Kalmarmu ita ce murtsuka: a murtsuka ganyen a hankali. Ƙanƙara ce ake dakawa. Sauran ba wuya, juyawa da cokali daban, girgizawa a rufaffen gwangwani daban, sai tacewa. Dangin wannan haɗin shi ne julep, sunan da ya taso daga gulab na Farisanci, ruwan fure, ya bi ta Larabci ya shiga Turai a matsayin ruwan zaƙin da ake shan magani da shi. A jihohin kudancin ƙasar Amurka an daɗe ana yinsa da barasar inabi kafin wiski ta karɓe wurin, musamman bayan ƙwaron filoksera ya cinye gonakin inabin Faransa daga shekarun 1860.

Wani amfanin sirkin barasa shi ne yana ba mu kishiyarsa a sauƙaƙe. Abin da ake kira mocktail, wanda ake haɗawa da siffa iri ɗaya amma babu abin bugarwa, sai ya zama sirki marar barasa. Ganyen na'a-na'a da aka murtsuka da sukari, ruwan lemun tsami, soda da ƙanƙara, shi ke nan. A takardar otal kanun biyu za su tsaya gefe da gefe, kowa ya san layin da zai bi ba tare da ya tambayi kowa ba. Jam'i kuma ba sai mun wahala ba, "nau'o'in sirkin barasa" ya wadatar.

Abin da ya rage ban gamsu da shi ba shi ne na huɗun nan na bayanin 1806, wato bitters, tsimin saiwoyi da ɓawon itace da ake ɗiga kaɗan-kaɗan. Na rubuta "ɗigon ɗaci", amma shi ma barasa ce, irin na Angostura ya haura kashi 44, kuma sunan nawa bai faɗi haka ba. Malamai masu fassara da ma'aikatan otal da ke cikinmu, ku kawo naku.