Inbata na yanke wa famfon zuƙe iska wuta, kuma yana yawan tashi da tsayawa

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum. Famfon zuƙe iska ne irin wanda mai ke zagayawa a cikinsa, motonsa mai layi uku, 400 V, 1.5 kW, haɗe da inbata (na'urar da ke sarrafa gudun moto) da sensar matsi ta 4–20 mA. In aka kunna shi da sanyi sai inbatar ta yanke, ta nuna wuta ta yi yawa. In kuma ya kama aiki, tashi da tsayawa yake yi kusan kowane minti. Ta ina za a fara?

Mai_Wayarin:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da farantin da ke jikin moton. Shigar wa inbatar bolt, amp, Hz da yawan juyawa daidai yadda aka rubuta, kada ka bar abin da inbatar ta zo da shi daga kamfani. Sannan duba nau'in kayan da aka zaɓa mata. Da yawa suna barin ta a saitin fanka, wanda ke rage ƙarfi a ƙaramin gudu, alhali wannan famfon ƙarfin juyi yake buƙata tun daga tashi. Mayar da ita saitin ƙarfi mara canzawa, ka sa lokacin tashi daƙiƙa 3 zuwa 5.

Ka kafa mata mafi ƙarancin gudu kuma, bisa littafin famfon. In ya yi ƙasa sosai, fukafukan ciki ba sa manne wa bango, mai ba ya zagayawa, fankar moton ma ba ta sanyaya shi. Kafin komai ka tabbatar yana juyawa ta inda kibiya ta nuna. In baya yake yi, kashe wuta ka sauya biyu daga wayoyin da ke zuwa moton.

Hajiya_Injiniya:
Tashi da tsayawar nan, tazarar da ke tsakanin matsin tsayawa da na tashi ce ta yi kaɗan. In yana tsayawa a 100 mbar (awon matsin iskar da ta rage a tanki), kada ya tashi a 105. Ba shi zuwa 150 ko fiye, ka ƙara jinkirin daƙiƙa 30. Amma kafin ka taɓa saiti, rufe bawul ɗin da ke tsakanin famfo da tanki ka zuba wa ma'aunin matsin tankin ido. Idan matsi na hawa da sauri, iska ce ke shiga ta wata mahaɗa, kuma babu saitin da zai magance wannan. Duba saitin sensar a cikin inbatar ma: 4 mA da 20 mA su dace da iyakokin da ke rubuce a jikinta. Ƙasa da 4 mA alamar tsinkewar waya ce.

Dattijo:
Abu ɗaya zan ƙara, ɗana. Kada ka ɗaga iyakar amp don ta daina yankewa, koyil za ka ƙona. Mai yana kauri da sanyi, filtar fitar iska in ta toshe ita ma tana ja wa moto nauyi. Canza su, ka bar famfon ya yi ɗumi minti 20 zuwa 30 bakinsa na zuƙa a rufe. Kuma a sa bawul mai hana komawa baya, in ba haka ba duk tsayawa sai tanki ya zuƙo mai cikin bututu.