Allurar tsohon garmaho: ina kuke samowa, kuma nawa?

Ɗan Jahun, Bauchi:
Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka taɓa sayen allurar garmaho a 'yan shekarun nan, don Allah ku ba mu labarin yadda kuka yi. Na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, ƙirar Technics, da fayafayai cike da akwati, yawancinsu bugun Legas na shekarun 1970. Injin yana juyawa lafiya ƙalau, amma sauti ya dushe. In mawaƙi ya ɗaga murya sai ka ji tana tsatsagewa, musamman in allura ta kusa tsakiyar faifai. Na zaga kasuwannin Wunti da Muda Lawal, wanda ma ya gane abin da nake nufi cewa ya yi rabonsa da ita tun shigowar kaset. Ina ake samu, nawa ake saye, kuma wacce ce ba za ta ci mini faifai ba?

Mai Rediyo, Bakin Kura:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, tukuna dai ka daina kunna shi. Wannan tsatsagewar da kake ji alama ce ta bakin allura ya cinye. Ɗan daimon ɗin da ke baki in ya siɗe sai gefensa ya yi kaifi, ya riƙa kankare layin faifai. Allura ana sake ta, faifai in ya kankaru ya tafi kenan.

Sannan kada ka je kana tambayar allurar Technics, nan ne mutane suke asarar kuɗi. Allura ba ta bin sunan injin, kai take bi, wato ɗan akwatin nan da ke maƙale a ƙarshen hannu. Iyayenmu sun sha canza kai, sai ka ga injin Technics da kan Shure, ko injin Pioneer da kan Audio-Technica. Haska fitilar wayarka ka karanta abin da ke jikin kan. In ka ga EPC-270C, allurarsa EPS-270. In Shure ne M75ED, allurarsa N75ED, M91ED kuma N91ED, M44-7 kuma N44-7. Ka duba kuma yadda aka ɗaure shi: sukuru biyu ne ta sama, ko kuwa soka shi aka yi a hannun aka ɗaure da sukuru ɗaya ta gefe? Na biyun shi ne T4P da Technics suka fito da shi wajen 1980, ba sa shiga wurin juna.

Ɗan Jahun, Bauchi:
Na duba Baba. Shure M75ED ne, sukuru biyu ta sama. Na rufe shi na ajiye.

Malamin Tudun Wada, Gombe:
To ɗan'uwa, jirgi ɗaya ya kwaso mu, nawa M91ED ne. Shure sun daina yin kai da allura tun 2018, don haka duk wanda ya ce maka yana da sabuwa fil daga kamfani, ko dai tsohuwar ajiya ce ko kuma ba gaskiya ya faɗa ba.

Ni ta tsohuwar ajiyar na fara. Wani dattijo a Jos, wajen Terminus, yana da ragowar kayan shagonsa na da, ya ɗauko mini ita a kwalinta ko buɗewa ba a taɓa yi ba. Kuɗin ba yawa, murna kamar me. Da na sa ta sai sauti ya fito siriri, ba nauyi, kuma da an zo wurin da ganga ta yi ƙarfi sai allura ta yi tsalle. Daimon ɗin sabo ne dal. Matsalar wata 'yar roba ce a gindin tsinken da ke ɗauke da daimon, ita ke ba shi damar lanƙwasawa ya bi layi. Shekaru da zafi sun busar da ita ta ƙandare. Dattijon bai cuce ni ba, shi ma bai sani ba, kuma ya mayar mini da kuɗina. Amma a irin zafin ƙasarmu, allurar da ta shekara 40 a cikin shago mai rufin kwano caca ce.

Daga baya na koma kan na kwaikwayo. Su ma hawa-hawa ne. Akwai marasa suna da ake samu a intanet daga dala 15 zuwa 30. Akwai na JICO, kamfanin Japan ne da asalinsa allurar ɗinki yake yi, yanzu yana ƙera allurar tsofaffin kawuna iri-iri har da na Shure. Ta su ta talakawa ta fi marasa sunan tsada amma da sauƙi, babbar tasu kuwa mai suna SAS ta haura dala 200. Ni ta talakawan na saya, kuma har yau ban yi kuka da ita ba.

Mai Kiɗan Biki, Yelwa:
Malam, ka faɗi kuɗin allura ba ka faɗi kuɗin kawo ta ba, alhali nan gizo ke saƙa. Abu bai kai ƙwayar gyaɗa nauyi ba, amma kuɗin aikowa daga Amurka ko Japan sau da yawa ya fi kuɗin allurar. Ga dala. Kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Allurar dala 25 da a lissafin da ba ta kai naira 12,000 ba, ta koma sama da 37,000, ba a ma yi maganar aikowa ba. Akwai kuma lokacin da katin naira ya daina biya a waje, sai ka nemi mai asusun dala ka roƙe shi.

Ni M44-7 nake da su guda biyu tun ina yaron wani maigidana. Da Shure suka rufe wannan layin, masu ragowar N44-7 suka tsuga mata kuɗi har abin ya zama wasa. Shawarata ga Yaya ɗan Jahun, tunda sukuru biyu ne, ya cire kan Shure ɗin ya adana, ya sa sabon kai wanda har yanzu ake yin allurarsa. AT-VM95E na Audio-Technica kai da allura gaba ɗaya bai kai dala 100 ba. Daɗinsa kuma jikin kan iri ɗaya ne, allurar ce ta bambanta da launi: shuɗiya mai zagayayyen baki ita ce mai araha, koriya ta fi ta, ja ta fi su tsada. Yau in kana da kuɗin shuɗiya ka sa, gobe in Allah ya hore ka zare ta ka soka ja, ba sai ka taɓa sukuru ba. Ortofon OM ma haka tsarinsa yake, 5E da 10 da 20 duk kai ɗaya suke hawa.

Baffa Ɗan Fansho, Pantami:
Yaro, maganarka ta lissafi gaskiya ce, amma ban yarda a cire kan ba. Wanda ya ce garmahon mahaifinsa ne, sautin da ya taso yana ji a zauren gidansu yake nema, kuma wannan sautin a cikin kan yake. Jikin kan koyil ne kawai a ciki, wato naɗin siririyar waya, ba abin da ke motsi, ba kasafai yake mutuwa ba. Maganaɗisun da robar duk a jikin allura suke, kana sake ta ka sake duk abin da ke tsufa. Na gwada sabon kan nan a gidan surukina, yana da kyau, tas-tas, amma ya fi kaifi a kunnena. Fayafayanmu na Legas da suka sha hannu sun fi daɗi da kan Shure, yana rufa musu asiri.

Abin da zan ƙara shi ne nauyi. M75ED ana ɗora masa daga giram 0.75 zuwa 1.5 ne. Allurar kwaikwayo robarta takan fi ta asali tauri, ni tawa sai da na kai ta ƙarshen ma'aunin, giram 1.5, sannan ta zauna. Akwai ɗan sikeli na wannan aikin, ba shi da tsada, a haɗa da shi in za a yi oda.

Mai Rediyo, Bakin Kura:
Allah ya ƙara girma Baffa, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Rabin garmahon da ake kawo mini, sai in tarar an ɗaure kwabo ko sule a kan hannu da salatif, wai don kada ya yi tsalle. Na ɗaga wani na ga tsinken ya kwanta har cikin kan yana gogar faifai, layin waƙar farko ya yi fari fat. In dai an sa nauyin da ma'auni ya ce, tsalle ba ƙarin nauyi yake nema ba, ko datti ne, ko roba ta mutu, ko injin bai zauna daidai ba.

Kuma kafin kowa ya kashe kuɗi, ya fara duba bakin allurar. Lokacin hunturu ƙura takan dunƙule a bakinta kamar auduga, sauti ya dushe, mutum ya ɗauka ta mutu. Buroshi mai laushi, daga baya zuwa gaba kawai, kada a yi gefe da gefe, kada a sa yatsa. Ban son a sa mata sifirit, don wasu daimon ɗin da gam aka manna su.

Goggo ta Jekadafari:
Sallama gare ku. Ni nawa ba irin naku ba ne, babban nan ne mai kamar kabad, rediyo a gefe, faifai a sama, an rubuta BSR a ciki. Allurarsa tana da ɗan hannu da ake juyawa, gefe ɗaya LP, wato faifan roba mai waƙoƙi da yawa, gefe ɗaya 78, wato tsohon faifai mai saurin juyi. Ɗana ya aiko da sabon kai mai tsada daga Abuja, wani yaro mai gyara ya ɗaura, sai muka ji sauti can ƙasa-ƙasa kamar ana raɗa, ko an ƙure murya. Yaron ya ce sifika ce ta mutu. Ban yarda ba, don rediyon yana tashi garau. Na ce ya mayar mini da tsohon kaina ya tafi.

Mai Rediyo, Bakin Kura:
Goggo, kin yi daidai, sifikarki lafiyarta ƙalau. Naki kan siramik ne, wutar da yake fitarwa tana da ƙarfi, shi ya sa kai tsaye yake shiga amfilifaya. Wanda aka aiko mai maganaɗisu ne, wutarsa kaɗan ce ƙwarai, sai amfilifaya mai ramin da aka rubuta PHONO, ko a sa masa ɗan akwatin ƙarin ƙarfi a tsakani. Hannun BSR ɗin ma ya yi masa nauyi. Albishirinki, allurarki tana cikin mafi araha, lambobinsu da ST suke farawa, kuma har yanzu ana yin na kwaikwayo. A ɗauki hoton kan da na allurar ta sama da ta ƙasa, don suna kama da juna sosai. In an sami zaɓi a ɗauki mai daimon, mai bakin dutsen safaya ta fi araha amma ba ta jimawa ko kaɗan.

Ɗalibi, Gwallameji:
Ni ta ɓangaren jabu zan ba da labari. Nawa kan AT3600L ne, wanda ke zuwa a kan ƙananan injina da yawa, allurarsa ATN3600L, ta gaske a lokacin wajen dala 20 zuwa 25 take. Na ga wani a intanet yana sayar da uku a ƙasa da kuɗin ɗaya, hoto da kwali komai sak. Da suka iso na kai wa mai gyaran agogo a Wunti ya ara mini gilashinsa. Ɗaya daimon ɗin a karkace yake, ɗaya gam ya kusa rufe bakin, ɗaya ce kawai ta miƙe, ita ma sautinta ya fi ƙarfi a sifikar hagu. Ko faifai ɗaya mai daraja ban sa musu ba.

Wata hanyar da ta yi mini rana ita ce 'yan gwangwan. Injin da ya mutu murus sukan sayar da shi a kuɗin ƙarfe, kuma sau da yawa kan yana nan lafiya. Allurar da ke jiki dai a ɗauka ta mutu.

Malamin Tudun Wada, Gombe:
Game da tsadar, a riƙa lissafawa da awannin aiki. Audio-Technica da kansu sun ce mai zagayayyen baki takan yi kusan awa 500, koriyar nan kusan 300, jar kuma kusan 1,000. Faifan LP gaba da baya wajen minti 40 ne, kenan awa 300 ta kai sauraron faifai 450. Mai kunnawa ranar Juma'a da yamma kawai zai shekara da shekaru bai sake ba. Kuma ga faifan da ya sha wuya, mai zagayayyen bakin ma ta fi yi masa sutura, ba ta tono kowane ƙarce. Ban ga dalilin sa SAS ta dala 200 a kan faifan da ya kwana a akwati tun 1978 ba.

Alhaji na Kumo:
Ku duk 'yan zamani ne. Nawa irin na da can ne, mai hannun da ake murzawa, ba ruwansa da wuta. Allurarsa ta ƙarfe ce, gefe ɗaya na faifai take yi a jefar, shi ya sa ake sayar da su ɗari-ɗari. Da a ɗan gwangwani suke zuwa, yanzu a leda, kuma har yau ana yin su a Turai da araha. Wani jikana ya ce zai wasa mini ƙusa, na ce ya bar mini faifaina. Gargaɗi biyu: kada a ɗora faifan roba na LP a irin nawa, waƙa ɗaya zai hallaka shi. Kuma mai son jin faifan 78 a injin wuta, layinsa ya fi faɗi, allurar LP ƙasa take nutsewa sai ƙara. Yana da tasa allurar mai kauri daban.

Mai Kiɗan Biki, Yelwa:
Haka ne Alhaji, a jerin VM95 ita ce mai ruwan toka. To tunda kuɗin aikowa ne ke kashe mu, mu haɗa oda ɗaya a raba shi. Kowa ya turo mini hoton kansa da lambar da ke jiki, Baba na Bakin Kura ya tantance kafin a biya, don ba a mayar da allura in an buɗe. In kaya sun iso Bauchi, na 'yan Gombe sai a ba direba a tasha, Malam ya karɓa ya raba. Goggo, a ce wa yaran su ɗauki hoton da rana a tsakar gida, na cikin ɗaki lambar ba ta fitowa. Alhaji, leda nawa za a sa maka, kuma masu ƙarar sauti ko masu taushi?